Yadda zaki saƙa siket mai launi-launi da ragowar zarenki, daga falle na farko har ƙubaka

Tun ranar da na saka siket ɗin nan zuwa wani suna a Tudun Wada ban huta da tambaya ba, wata ta tare ni a bakin ƙofa tana shafa shi, wata ta kira a waya, maƙwabciyata kuwa har gida ta biyo ni da ledar zarenta tace Anti dan Allah ki nuna min. To gashi na zauna na rubuta komai yadda nake yi. Saƙar ita ce wadda zaki ji masu koyarwa a YouTube suna ce wa girani sukwaya, ni dai falle nake kiran kowane guda, ƙananan murabba'ai ne ake saƙawa ɗaya bayan ɗaya da kwarashi sannan a haɗe su. Duk mai saƙar hular jarirai da safa da rigar sanyi tana da leda ko bokiti cike da guntayen zare da basu isa komai ba kuma zuciya bata bari a zubar, to wannan aikin nasu ne.

1. Kayan aiki da inda kuɗi zai fita

Kwarashi mai lamba 4, in da hali ki haɗa da 4.5 da 5, zaki ga amfaninsu a gaba. Almakashi, tef ɗin awo na tela, allura babba mai faɗin kafa wadda zaren saƙa zai shiga, fil mai makulli kamar dozin ɗaya, roba mai faɗin inci 1 ta ƙugu, da yadin shafi kamar yadi ɗaya da rabi.

Ragowar zare kyauta ne tunda yana ɗakinki, amma akwai kala ɗaya da dole ki saya sabo, shine wanda zai zagaye kowane falle a ƙarshe ya kuma haɗa siket ɗin gaba ɗaya. Ni baƙi nake amfani dashi, ruwan madara ko shuɗi mai duhu ma suna yi. Wannan zaren da shafi da roba da kuɗin tela, su ne yawancin kuɗin da zaki kashe. A kasuwar Sabon Gari zaki samu duka a fita ɗaya, ki tambayi shago biyu ko uku kafin ki biya dan farashin zare baya zama wuri ɗaya yanzu, kuma in kin ɗauki fakiti yafi sauƙi akan ɗai-ɗai.

Gargaɗi: ki sayi kalar haɗin nan duka a rana ɗaya daga fakiti ɗaya. Baƙi da baƙi ma suna bambanta in ba rini ɗaya bane, a ɗaki bazaki gani ba sai kin fita rana.

2. Tace zaren kafin ki taɓa kwarashi

Nan ne mutane suke tsallakewa, kuma nan ne siket yake lalacewa tun ba'a fara ba. Ki shimfiɗa zanin gado fari ki juye ledar gaba ɗaya. Kada ki fara da kallon kala, kauri zaki fara dubawa. Ki ɗauki biro ki naɗa zaren a jiki, naɗi kusa da naɗi ba tare da kin matse ba, har ya cika inci ɗaya, ki ƙirga. Waɗanda lissafinsu yazo ɗaya ko bambancin bai wuce ɗaya ba, su ne 'yan gida ɗaya. Wanda yayi siriri sosai, irin Yeye da yawancinmu muke saƙar jarirai dashi, sai ki ruɓanya shi biyu ya kamo sauran. Wanda yayi kauri da yawa kuma ki ajiye shi gefe, zaiyi tabarmar ƙofa wata rana, amma ba wannan aikin ba.

Sai irin zaren. Ki yanki ɗan guntu ki kai bakin ashana a tsakar gida. In ya narke ya dunƙule yayi tauri yana warin roba, akirilik ne. In ya ci wuta ya bar toka mai laushi yana warin takarda, auduga ne. In ya yi ƙaurin gashi, ulu na gaske ne. Kada ki cakuɗa su a siket ɗaya, domin auduga tana da nauyi kuma tana iya shiga in an wanke, akirilik kuwa yana nan yadda yake, wanki ɗaya zaki ga wani falle ya tsuke wani ya saki.

Ja da shuɗi da kore masu duhu, musamman na auduga, ki jiƙa guntunsu a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle na minti goma. In ƙyallen ya ɗau kala to wannan zaren ya fita daga lissafi. Na taɓa rasa siket ɗin yarinya sukutum saboda jan zare guda ɗaya da ban gwada ba, ya zuba a kan fari da ruwan ɗorawa duka, abin ya daɗe yana min ciwo dan sati biyu nayi ina saƙa shi.

In ragowarki bata da yawa, rigunan sanyi na gwanjo ana warware su a samu zare mai kyau. Sai dai zai fito a murɗe kamar taliya, ki naɗa shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa, ki rataye a inuwa ya miƙe kafin ki dunƙula.

3. Ɗinki huɗu da zaki riƙe

Sarƙa: ki naɗa zare a kwarashi ki jawo shi ta cikin madaukin da ke kai, haka ɗaya bayan ɗaya. Doguwa: ki naɗa zare a kwarashi sau ɗaya, ki soka a rami, ki jawo zare, madauki uku kenan a kan kwarashi, ki naɗa ki fitar ta biyu, ki sake naɗawa ki fitar ta biyun da suka rage. Gajeriya: ki soka ba naɗi, ki jawo, ki naɗa ki fitar ta biyun duka. Zarge: ki soka ki jawo zaren ta cikin komai lokaci ɗaya, dashi ake rufe zagaye. Doguwa uku a rami ɗaya kuma 'yan uku nake ce musu, haka zan dinga kiransu har ƙasa.

4. Falle na farko

Kiyi sarƙa 4 ki rufe da zarge ya zama ɗan zobe.

Zagaye na ɗaya: sarƙa 3, ita ce a madadin doguwa ta farko, sai doguwa 2 a cikin zoben, sai sarƙa 2. Daga nan 'yan uku da sarƙa 2, har sau uku. Ki rufe da zarge a saman sarƙa 3 ɗin farko. Ki duba, ya kamata kiga 'yan uku guda 4 da ramuka 4, ramukan nan su ne kusurwoyi. Ki yanke zaren ki bar jela mai tsawon inci 5.

Zagaye na biyu: sabuwar kala, ki ɗaura a kowace kusurwa kika ga dama. A cikin ramin kusurwar kiyi 'yan uku, sarƙa 2, 'yan uku. Sai sarƙa 1 ki tsallaka kusurwa ta gaba kiyi irin haka. Kin gama kina da 'yan uku guda 8.

Zagaye na uku: wata kalar. Kusurwa yadda take bata canzawa, 'yan uku, sarƙa 2, 'yan uku. Amma yanzu akwai rami ɗaya a tsakiyar kowane gefe, shi 'yan uku guda ɗaya kawai yake ɗauka, da sarƙa 1 kafinsa da bayansa. Jimla 12.

Zagaye na huɗu: kalar haɗi, wadda kika saya. Ramuka biyu ne yanzu a kowane gefe. Jimla 16.

Gargaɗi: kuskuren da nafi gani wajen masu koyo shine su manta su saka 'yan uku biyu a kusurwa, ko su saka biyu a ramin gefe. In falle ya fara lanƙwashewa kamar ƙoƙo to an rage wani abu ko hannu ya matse, in kuma bakinsa yana lilo kamar leshi to an ƙara ko hannu ya saki. Ki ƙirga 4, 8, 12, 16 kowane lokaci. In kuma kinga fallen yana karkacewa kamar ana murɗa shi, ki dinga juya shi baya a kowane sabon zagaye, zai daidaita.

5. Awo da lissafi

Kada ki saƙa na biyu sai kin ɗora tef a kan na farko. A hannuna da kwarashi 4 falle yana fitowa inci 4 cif, naki zai iya ɗarawa ko ya gaza, ba laifi bane, da naki zakiyi lissafi ba da nawa ba.

Ki auna mazaunai a inda suka fi faɗi, ba ƙugu ba, ki ƙara inci 2 na walwala, ki raba da faɗin falle. Misali mai inci 42, an ƙara 2 ya zama 44, an raba da 4, falle 11 kenan a zagaye ɗaya. In lissafin ya faɗo tsakiya kamar 10 da rabi, ki tuna ɗinkin haɗi ma yana ƙara ɗan faɗi, goma zata iya isa, ki jera su a jiki ki gani.

Tsawo kuma, dogon siket na inci 38, ki cire inci 6 na sama da bakin ƙasa, saura 32, layi 8 kenan. 11 sau 8, falle 88. Kuma ki rage kamar inci ɗaya daga tsawon da kike so tun farko, dan saƙa tana da nauyi, in an saka tana saukowa da kanta.

Yanzu zare nawa zai ci? Ki saƙa falle goma ki ɗora a sikelin masu kek. Nawa guda ɗaya giram 6 ne, 88 ya kama giram 530 kusan. Ga abin da mutane basu lura dashi ba: in kin tara 4 da 8 da 12 da 16 ya bada 40, zagayen ƙarshe shi kaɗai 16 ne, wato kashi huɗu cikin goma na zaren duka kalar haɗi ce. Giram 210 kenan, ga haɗi ga ƙugu ga baki, shi yasa nake sayen giram 350 dan hankalina ya kwanta.

In wannan ne karonki na farko, dan Allah ki fara da na yarinya. Mai mazaunai inci 22, falle 6 a zagaye, layi 4, duka 24 ne, cikin sati kin gama kin kuma koyi komai da ƙaramar asara.

6. Tara fallaye

Falle ɗaya yana ɗaukata minti 20 zuwa 25. In kina yin huɗu a rana, tsakanin la'asar da bayan isha'i, kwana 22 kin haɗa 88. Mai son sakawa da hunturu, lokacin da sanyin Zariya yake kankama a Disamba da Janairu, ta fara tun Oktoba.

Hanyar da tafi min sauri ita ce inyi zagayen farko guda ashirin a jere, in dawo in musu na biyu duka, haka har ƙarshe, hannu yana sabawa kuma kina ganin yadda kaloli suke rabuwa. Guntayen da suka fi ƙanƙanta su tafi tsakiya tunda ita bata cin zare, masu ɗan yawa su tafi zagaye na uku. Mai haske kusa da mai duhu, kada ki jera masu duhu uku a falle ɗaya in baƙi ne zai zagaye, komai zai nutse. Kuma kada ki tsaya neman sai kala ta dace da kala kamar ashobi, wallahi ruwan hoda da ruwan lemo da kike ganin basa jituwa, da zarar baƙi ya kewaye su sai kiga sun zauna lafiya.

Maganar jela. Kowane falle kala huɗu ne, jela takwas kenan, falle 88 jela 704. In kika bar su sai ƙarshe, siket ɗin zai kwana a leda shekara, na ga hakan a wajen mutum fiye da ɗaya. Kina gama falle ki zura jelar a allura ki bi da ita ta bayan saƙar cikin kalarta, inci ɗaya gaba, ki juyo inci ɗaya baya, sannan ki yanke. Jelar tsakiya ki zagaya da ita zoben sau biyu.

Gargaɗi: kada ki ƙulla ki yanke a gindin ƙulli. Akirilik yana da santsi, wanki biyu ƙullin ya kwance, kuma in tsakiyar falle ta warware gyaranta wuya ne dashi sosai.

Duk falle goma ki ɗora su a kan na farko ki gwada. Ranar da kike cikin gajiya ko ɓacin rai hannu yana matsewa ba tare da kin sani ba. Wanda ya bambanta da fiye da kwatan inci ki warware zagayen ƙarshe ki sake.

7. Miƙar dasu

Ki sa kafinta ya buga miki ƙusa huɗu dogaye a ɗan katako, tazarar inci 4 tsakaninsu ko dai girman fallenki. Ki yayyafa wa fallaye ruwa, ki zura kusurwoyinsu a ƙusoshin ɗaya kan ɗaya kamar guda takwas, ki bari su bushe. Ki naɗe ƙusoshin da salatif saboda tsatsa. Da iskar hunturu kafin yamma sun bushe.

Gargaɗi: dutsen guga kada ya taɓa akirilik, na wuta ko na gawayi. Zai narke yayi sheƙi ya mutu, kuma baya dawowa.

8. Jerawa da haɗi

Ki shimfiɗa su a ƙasa yadda zasu zauna, 11 a kwance 8 a tsaye. Ki hau kujera ki ɗauki hoto da waya, a hoto ne zaki ga inda ja ya taru wuri ɗaya ko inda gefe guda yayi duhu, ido baya kamawa in kina tsugune a kai. Ki tuna na farkon layi da na ƙarshensa zasu haɗu a baya, su ma kada su zama kala ɗaya. In kin gamsu ki tattara kowane layi daban ki maƙala fil da 'yar takarda mai lamba, musamman in akwai yara a gidan.

Haɗi iri biyu nake yi. Na allura: ki haɗa fuska da fuska, ki dinga ɗaukar madaukin baya na wannan da na wancan, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, wannan yana kwanciya lif kuma shi nafi so a siket. Na kwarashi da gajeriya yafi sauri amma yana barin ɗan tudu, in tudun yana waje ado ne, in yana ciki yana damun mai zama. Ki fara haɗa falle 11 su zama dogon layi, ki gama layukan takwas, sannan ki haɗa layi da layi, daga ƙarshe ki rufe baya ya zama kamar buhu mai baki biyu.

Gargaɗi: kusurwa ta haɗu da kusurwa, rami ya kalli rami. In kika zame da ɗinki ɗaya a farko, kafin ƙarshen layi kin zame da rabin falle. Kuma kada ki ja zaren haɗi da ƙarfi, ɗinkin ya zama yana miƙewa daidai da saƙar, in ba haka ba ranar da kika tsuguna zakiji ɗas.

Ga maganar tafiya, wadda sai da na saka na farko na gane ta. Siket mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa yana riƙe ƙafa, hawa keke napep ma sai da dabara. Magani biyu ne. Ko ki bar layi biyu na ƙasa a baya ba haɗi ya zama tsaga, shafi ya rufe ciki. Ko kuma tun wajen saƙa, layi uku na sama da kwarashi 4, uku na tsakiya da 4.5, biyu na ƙasa da 5, adadin ɗinkin ɗaya ne dan haka zasu haɗu lafiya, amma siket ɗin zai dinga buɗewa a hankali zuwa ƙasa. In wannan zakiyi ki sake auna tsawo dan manyan fallaye suna ƙara shi, katakon miƙarwa ma kowane girma da nasa.

9. Ƙugu da ƙubaka

Da kalar haɗi, ki zagaye bakin sama da doguwa: ɗaya a kan kowace doguwa, ɗaya a kowane rami, ɗaya a kowace kusurwa. 17 kenan a falle, 187 a zagaye. Zagaye na biyu ki rage ɗaya a saitin kowane falle, wato ki haɗe doguwa biyu su zama ɗaya, sau 11. Na uku ba ragi. Na huɗu ki sake rage 11, saura 165. Na biyar da na shida ba ragi.

Gargaɗi: bayan kowane ragi ki tsaya ki saka siket ɗin. Ba zif a jikinsa, dole bakin ya wuce mazaunai. Roba ce zata tsuke ƙugu ba ragi ba.

Sai ki ci gaba da doguwa ba ragi har inci 3, ki ninke ciki gida biyu ki ɗinke da allura, kin samu ƙubaka. Ki bar 'yar kafa. Ki yanke roba ta gaza ƙugunki da inci 2, ki zura da fil, ki ɗora baki kan baki ki ɗinke sosai da zaren ɗinki, ki rufe kafar. Saboda nauyin siket babba ni ina ƙara mazagi, sarƙa doguwa da zare ruɓi biyu, in zura ta tare da robar in fito da bakinta ta gaba.

10. Bakin ƙasa da shafi

Zagaye biyu na gajeriya sun isa su riƙe bakin. Mai son ado tayi doguwa 5 a ɗinki ɗaya, ta tsallake biyu, gajeriya ɗaya, ta tsallake biyu, haka har ta zagayo.

Shafi kam dole ne, saƙar nan ramuka ce. Ki kai wa tela siket ɗin da yadin, amma ki tsaya ki masa bayani da kyau: ya ɗinka shafin daban kamar andasiket, ya gaza saƙar da inci ɗaya, faɗinsa kada ya gaza na mazaunai da walwalarsa. Kada ya ɗora saƙar a keke, ƙafar keke tana kama madauki tana ja. Ki karɓo ki kafe shi da hannu a gindin ƙubaka kawai, ki ɗan tattara shi yadda zai miƙe tare da roba, ƙasan ki barshi sake. Kalar shafin ta zama irin kalar haɗi, da baƙi a ciki kalolin sun fi fitowa.

11. Wanki da ajiya

Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, da hannu, ki dinga dannawa ba cuɗawa ba. Kada ki murɗe wajen matsa, ki naɗe shi a tawul ki taka ruwan ya fita. Shanya a kwance a kan tabarma a inuwa, in kika rataya shi a igiya da ruwa a jiki zai ƙara tsawo har ya ja ƙasa kuma fallayen sama su zama dogaye. Wajen ajiya ma ninkewa ake yi, ba'a sa shi a hanga. Ki ajiye ɗan ragowar kalar haɗin da falle biyu na ƙari a 'yar leda tare dashi, ranar da ƙusa ko tartsatsin gawayi ya taɓa guda sai ki farke shi kaɗai ki maye da sabo.